Ram na Uku

Litinin, 3 ga Maris
Kwamfutar da na haɗa da hannuna ta sake mutuwa ina tsakiyar yanka bidiyon shagon Anti. Allo ya yi shuɗi, shi ke nan. Ga Anti na jiran tallarta. Ni dai Mai Gilashi nake zargi, wanda ya sayar min da ram, sandunan ƙwaƙwalwar kwamfuta, guda biyu. Murmushinsa ya yi yawa.

Laraba, 5 ga Maris
Na je shagonsa. Wai biyun 'yan kwali ɗaya ne, tare aka gwada su. Wai ko na kunna XMP, saitin nan da ke ƙara wa ram gudu? To da fa! Gudun na saya. Ya ce, "Hajiya, kin tabbata ba a haɗa su da bare ba?" Ji rainin hankali. 'Yan guruf ɗinmu na masu haɗa kwamfuta sun ce haka suke yi, su manna sabuwar takarda a tsohon kaya.

Alhamis, 6 ga Maris
Na ɗauki bidiyon tona masa asiri, har da ƙofar shagonsa. Ban saka ba tukuna. Umma ta ce in ji tsoron Allah.

Juma'a, 7 ga Maris
Yaya ya daina buga gem, sai kwanciya a falo da waya. Wai tasa kwamfutar tana hutawa. Hmm.

Asabar, 8 ga Maris
Na kwance murfin kwamfutar don in ɗauki ram ɗin hoto, hujja. Uku na gani. Biyu baƙaƙe nawa, da wani kore a tsakani.

Na tsare Yaya a kicin. Ya yi ta sosa ƙeya. Ashe ranar da nake mitar bidiyo na cijewa, ya ciro nasa guda ɗaya tilo ya soka a tawa kwamfutar ina wanka. Ya ce, "Auta, na zaci yawan ne kawai." Koren ba ya iya gudun nawa, shi ya sa XMP ke kayar da su duka.

Na zage shi kaɗan.

Lahadi, 9 ga Maris
Na miƙa wa Yaya abinsa, ya ce sai na gama aikin Anti. Na kashe XMP, ukun na tafiya a hankali, kwamfutar ba ta mutu ba. Bidiyon Mai Gilashi na goge, wayata ce ta cika. Har yanzu murmushinsa bai kwanta min ba. Gobe zan bi ta shagonsa, hanya ce.