Riguna Talatin Zuwa Trinidad

Ƙanena Habu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau. Ya aikin asibiti, ya zaman Trinidad? Ya Binta da yara? Mu nan Guangzhou ta ƙasar Sin lafiya lau, alhamdu lillahi.

Wasiƙarka ta iso da hoton kanibal ɗinsu, bikin nan na shekara-shekara na kiɗa da rawa a titi. Na ga motar da unguwarku ta ƙawata ta sa wa suna Afirka, mutane a kai daga su sai ganye da ƙashi a hanci. Ka ce tun ranar ka daina gaisawa da maƙwabta. Haba Habu! Mutumin da bai taɓa ganin babbar riga ba, fushi zai koya masa?

Na cire tawa na kai wa wani tela kusa da kasuwar Baima, ya ɗinka talatin. Da farko ya tsuke hannuwan, wai ya gyara mini kuskure. Na sa ya farke, na saɓa ta a kafaɗa ya gani. Suna hanya ta jirgin ruwa, har da huluna.

Ba ruwana da rawarsu, amma baɗi su hau motar da sutura. Ka shiga gidajensu ka koya musu saɓa riga.

Ku sa mu a addu'a, ka gaida Binta da yara. In wani ya yi gardama, ka ce yayanka ya ce kakanninsu da tufafinsu aka kama su bayi a Afirka, a bakin jirgi aka tuɓe su.

Yayanka,
Sabo