Jan Fenti a Kan Birkin Boksi

Zuwa ga Sabah, sanyin idona, inuwata a tsakiyar rani, ruwan farko da ke shiga tur'a, magudanar ban-ruwa, bayan gona ta gama tsagewa!

Sallama a gare ki. Ki yi haƙuri da jan tabon da ke takardar nan, fenti ne a yatsuna.

Saƙon yayanki Alamin ya iso. Wai in bar ki a wurinsa a garin Abu Na'ama, wai wanda ya ɗora matarsa a keken jaki ranar gudu, shi ya tsaya gadin mota, to ya zauna da motarsa. Ki faɗa masa na ji, kuma ban yarda ba!

Shi yana ina ranar? Masu bindiga suna tare duk abin da ke da inji. Da na sa ki a boksina, motata mai buɗaɗɗen baya, a shingen farko za su tsayar da mu, kuma ba motar kaɗai za su kalla ba. Keken jaki kuwa babu mai duba shi. Na ce miki zan cire tayoyi, in rufe motar da karan dawa, in biyo ki bayan kwana uku. Hanya ta rufe, kwana uku ya zama damina biyu. Ko da na bi ki da ƙafa a ranar? Na rubuta tambayar nan a littafina sau da yawa, har yau ban cike layin amsa ba. Wannan tsakanina da ke ne, ba da Alamin ba.

Da hanya ta buɗe na yaye karan, inji ya tashi, amma tsatsa ta cinye ƙarfen da ke damƙe faifan birki, na hagu da na dama. Wallahi ba zan ɗauko ki a motar da ba ta tsayawa ba! Na kwance su, na shimfiɗa a buhu a tsakar gida, inda kike shanya kuɓewa. Asabar da Lahadi ina kankara da buroshin waya. Litinin na wanke da fetur, na rufe robobi da takarda. Fenti shafa uku, siriri, kowace sai ta bushe. Maƙwabta suna leƙowa ta katanga suna dariya, wai wa zai ga ado a bayan taya? Su yi ta yi. Ƙarfen da aka bari tsirara, damina ɗaya ta ishe shi.

Kin tuna dawowarmu daga kasuwar Rufa'a, sabuwar jabana ta dafa gahawa a cinyarki, saniya ta faɗo mana hanya? Na taka birki, ƙura ta rufe mu, kika rungume tukunyar kina dariya har da hawaye, kika ce, "Ya zol, bawan Allah, da ta fashe, da ka koma Rufa'a da ƙafa!" Ya tantabarata, wace gona ce ba ta kewar ruwa? Gidan nan babu dariyar nan kango ne.

Jiya na gwada birkin a bakin tur'a sau ashirin. Ya kama sau ashirin.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci zan tsaya a ƙofar gidan Alamin. Ya faɗi abin da zai faɗa, ba zan ɗaga masa murya ba, ba kuma zan juya da maganarsa ba. Idan a'a ce, ki fito ki faɗa mini da bakinki. Idan kin yi shiru, zan kashe inji in jira.

Naki, tun daga ranar ɗaurin aure har ranar da za a sa ni a ƙasa,
Ɗayyabu