Miƙo Min Abin Nan

Assalamu alaikum Iya,

Ya gida, ya mutanen Gagarawa? Ƙafar Baba da sauƙi?

Ina lafiya a Kigali, sai ɗan ciwon ido da rashin abokin hira. Kin tambayi aikina. Manhajar AI tamkar ɗan aike take: ga kayan aiki a gabanta, kowanne da bayanin amfaninsa. Ni nake tantance bayanan, domin in ba su fito fili ba, sai ta ɗauko wanda ba shi ba.

Jiya ina gyara wani bayani, na tuno ki a madafi: "Zulaiha, miƙo min abin nan." Wallahi Iya, da a ofishinmu ne, kin faɗi warwas! Amma ban taɓa kawo miki ludayi kina nufin muciya ba.

In Yaya Halliru zai taho, ki ba shi abin nan. Kin san shi.

Ki sa mini albarka.

'Yarki,
Zulaiha