Saƙon da na sa Gwaggo ta ɗauko

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. A ɓoye sunana, kuma don Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku tsine min.

A Madina muke zaune ni da maigidana, unguwar Harra ta Gabas. 'Yarmu ɗaya, shekararta bakwai, tana da tawahhud, wato galahanga. Ba ta taɓa ce min Umma ba. In abin ya motsa, kanta take bugawa a bango har jini. Na ga wani bidiyo ana cewa likitocin wasu ƙasashe suna gwada man wiwi a kan irin yaran nan. Na tambayi likitanta, ya ce, "Mamnu', an haramta! Binciken ma bai kammala ba." Na ce to, amma zuciyata ba ta ce to ba. Wace uwa ce za ta goge jinin goshin 'yarta kullum ta haƙura?

Sai ga Gwaggo, wadda ta raine ni, za ta zo Umara daga Kano. Kun san al'ada, mai zuwa ba ya rasa saƙon kuka da daddawa. Na sa wani a Kano ya nemo man wiwin ya cusa a ƙullin. A waya ta ce, "Ke 'yar nan, babu dai abin da zai kunyata ni a garin Manzo?" Na ce, "Wallahi babu, Gwaggo." Har da rantsuwa, jama'a!

Ashe sakaran a kwalbar habbatus sauda ya zuba. Wa ke kawo habbatus sauda Madina? Abin da ya sa aka buɗe ke nan a filin jirgi. Yau kwananta tara a tsare, tsohuwar da ta yi shekara da shekaru tana burin tsayawa a Rauda, ko ƙofar Harami ba ta gani ba.

In na fito na faɗi gaskiya, ni za a rufe, alhali 'yata ba ta karɓar ko ruwa a hannun kowa sai nawa. In na yi shiru, Gwaggo fa? Jiya aka bar maigidana, wanda bai san komai ba, ya gan ta. Ta ƙi faɗa wa kowa mai saƙon. Abin da kawai ta ce masa shi ne, "Ka tambayar min ita, ya jikin yarinyar?"

Tun jiya kuka nake. Don Allah, me zan yi?