Na Tura Wakili Kotu, Kotu Ta Turo 'Yan Sanda

Zuwa ga Mai Girma Mai Shari'a,
Alƙalin kotun da ke sauraron laifukan hanya a nan Kontagora.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwar ban girma, ina fatan Mai Shari'a yana cikin ƙoshin lafiya, shi da iyalinsa, da magatakardansa, da masinjansa, har da bawan Allahn nan mai daka tsawa a miƙe tsaye idan za a shigo. Allah ya ƙara wa kujerarka daraja, ya rage wa alƙalaminka kaifi, musamman a kan sunan da ke ƙarshen wannan takarda.

Ni ne Malam Haladu Ɗantsoho, tsohon malamin makaranta, wanda aka kira sunansa a gabanka ranar Juma'ar da ta wuce, wani mutum daban ya amsa. Tun daga ranar akwai umarnin kamu a kaina. Na zaɓi in yi magana a bainar jama'a, ta shafin jarida, ne domin labarin ya riga ni shiga gari. A teburin mai shayi an ce saniya na bankaɗe. A bakin kasuwa an ce na tsallaka iyaka. Gara a ji daga bakin mai ita, tun kafin a ɗauke shi a bayan motar 'yan sanda, a ratsa da shi ta tsakiyar garin da ya koyar da rabin mutanensa tarawa da ɗebewa. Wannan ratsawar ita ce abin da nake gudu, ita ce kuma dalilin wannan wasiƙa.

Na farko, asalin maganar. Wata safiya ina kan babur ɗina na iso shataletale, sai na hango malamin da ya ɗora mini alƙalami a allo zaune a ɗaya gefen, a bakin shagon ɗansa. Doka ta ce in zagaye. Tarbiyya ta ce ba a nuna wa malami ƙeya, zagayen nan kuwa ba ya yiwuwa sai an ba shi baya. Na auna hukunce-hukuncen biyu cikin ƙiftawar ido, na yanke ta hannun da ba nawa ba. Ban kai ga durƙusawa ba jami'in hanya ya zare makulli. Ya dubi kaina, ya tarar da hula, amma ba irin wadda hukuma ke so ba. Aka tura babur ofis, aka miƙo mini takarda. Abin da jami'in ya faɗa da bakinsa shi ne: “Baba, sai ka zo kotu ranar Juma'a.” Ban musa laifin ba a ranar, ba kuma zan musa shi a gabanka ba.

Amma ina roƙon Mai Shari'a ya lura da lafazin. Ni mutum ne da ake ce wa “sai ka zo” a kowane mako. Ana ce mini in zo suna, in zo walimar sauka, in zo buɗe shago, in zo sulhun iyakar gona. Wanda na samu zuwa na je, wanda ban samu ba na tura dattijo ya isar da uzurina, ba a taɓa aiko mini da mai kaki ba. Takardar ma na karanta ta tsaf, domin ni da Turanci mun daɗe muna gaisawa. Ta faɗi rana, ta faɗi wuri. Abin da zai samu wanda bai zo ba kuwa, idanuna ba su faɗa kansa ba, babu kuma wanda ya faɗa mini da baki.

Na biyu, uzurina. A wannan Juma'ar ce aka sa ɗaurin auren ɗan yayana marigayi a Zugurma, ni ne kuma wakilin ango. Shi angon yana can Ikko wurin nemansa, ko kwalliyar ranar bai gani ba sai a waya. Ni na nema, waliyyin amarya ya bayar, na ce na karɓa, aka shafa fatiha, yaro ya zama mai iyali yana tsaye a bakin titin wani gari. Ni kaina, ranar da aka ɗaura nawa auren, ina ɓoye a ɗakin abokina ina gumi. Ga shi har yau auren yana nan daram, da 'ya'ya da jikoki, babu wanda ya ce a sake saboda ango bai halarta ba.

To, sai na yi ƙiyasi irin na masu karatu. Idan aure, wanda ake gina zuriya a kansa, yana ƙulluwa ta bakin wakili, idan ana yanka wa mutum ragon layyarsa yana kan hanya, ana kai ta'aziyya a madadinsa, ana karɓar masa rawani, ina ga maganar shataletale? Na duba wannan ƙiyasin ta gaba, na duba ta baya, ban ga ɓaraka ba. Daga baya ne na gane cewa kotu ba ta zauna ajin da aka koyar da shi ba.

Na uku, wakilin da na tura. Ban raina kotu ba, Allah shi ne shaida. Da raini ne, da ɗan maƙwabta zan aika. Na tura aminina tun na firamare, Baba Danladi na Sahon Rami, Bakambare, dattijon coci, manomin da doyarsa ke magana da kanta. Mutum ne da ake ɗauka takanas a kai shi neman aure ko biko, domin bai taɓa zuwa ya dawo hannu rabbana ba. Ya saka rigarsa ta Lahadi, ya ƙulle goro fari a ganye, kamar yadda ake zuwa gaban manya.

Abin da ya faru a zauren, Mai Shari'a ya fi ni sani, amma ga yadda ya iso mini. Da aka kira sunana, Danladi ya miƙe ya ce, “Ga ni.” Ka tambaye shi ko shi ne Haladu Ɗantsoho, ya ce, “Yau dai ni ne shi, ranka ya daɗe.” Daga nan ya shiga gaisuwa: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya ruwa a wajenku. Yana shirin kwance goro aka tare shi. Da ka tambayi inda mai laifin yake, sai ya ga dama ta samu ya yi mini ceto, ya ce, “Yana biki a Zugurma. Laifi kam ya yi. Tun muna yara haka yake, ba ya zagaye, sai yanke. A yi masa haƙuri, ya tsufa.”

An ce zauren ya yi dariya, har mai tsawar ya juya ya fuskanci bango. An ce kai ba ka yi ba. An ce saura ƙiris a tuhumi Danladi da sojan gona, sai furfurarsa da tsarkin zuciyarsa suka cece shi. Ina godiya da wannan sassauci. Shi kuwa har yanzu abin da ke damunsa shi ne an ƙi karɓar goron, abin da bai taɓa gani ba ko a gidan da aka hana shi aure.

Na huɗu, halin da nake ciki. Ina hanyar dawowa, cikina cike da tuwon biki, mai ɗakina ta kira ni a waya ta ce baƙi masu kaki sun yi sallama, sun tambaye ni da cikakken suna har da na mahaifi. Ta ce kada in kuskura in sauka a tasha. Na tambaye ta ina zan nufa. Ta ce gidan mahaifiyarta, domin babu ɗan sandan da zai yi zaton namiji mai hankali zai je ya kwana a gidan surukai. Hikimar ta burge ni. Ban hango kuɗinta ba sai da na shiga.

Ranka ya daɗe, na karanta labaran fursunoni na gabas da yamma, ban ga wanda aka tsare a ɗakin da ke kallon ƙofar surukarsa ba. Ana kawo mini tuwo da miyar kuɓewa da naman kaza, ƙamshi ya cika ɗakin, al'ada kuma ta ce in taɓa gefe in mayar, kada a ce surukin gidan acici ne. Kwanon ya fita kamar yadda ya shigo, a ce, “Malam ba shi da ci,” ni kuwa in bi shi da ido kamar maraya. Tari ya taso in haɗiye shi. Hanyar bayan gida ta gaban ɗakinta ta bi, saboda haka na rage shan ruwa. Ko atishawa sai na tura kai cikin babbar riga. Da a ce hukuncin yanke shataletale ke nan, da tuni 'yan acaɓar garin nan sun koma zagaye sau biyu don taka-tsantsan.

Na biyar, abin da na koya a makare. Daga wannan ɗakin na kira wani tsohon ɗalibina da ya zama lauya. Ya saurare ni cikin ladabi, sannan ya ce, “Malam, da ka kira ni tun kafin Juma'a.” Ya bayyana mini cewa kiran kotu ba goron gayyata ba ne, umarni ne. Wanda ya ƙi zuwa ba tare da ya sanar da uzuri ta hanyar da ta dace ba, ana iya ba da umarnin a kamo shi duk inda aka gan shi. Ana iya tsare shi kafin zama na gaba. Belin da a da zai zo da sauƙi, yanzu sai an nemi mai tsaya masa, domin ya nuna shi ba mai cika alkawari ba ne. Babur kuma yana can ruwan damina na dukansa har a gama. Laifin da zai ƙare da tara da jan kunne ya haifi ɗa wanda ya fi shi girma. Ya ƙara da cewa akwai wakilin da kotu ke saurare, wanda zai iya miƙewa ya roƙi a ɗaga rana, amma mai baƙar kwat ne da takardar shaida, ba mai goro ba. Na koyar da yara shekara da shekaru cewa zuwa da kai ya fi saƙo, ashe ban taɓa jin darasin ba.

A nan zan ajiye raha kaɗan. Idan ni da na yi rayuwata tsakanin littattafai na faɗa wannan rami, ina ga manomin da aka ba irin wannan takarda ana tsakiyar noman fari, ya tura ƙanensa da zuciya ɗaya? Ina ga ɗan acaɓan da zai cusa ta ƙarƙashin katifa yana zaton an manta? Su ba su da ɗalibi lauya, ba su da shafin jarida. Ranar da za su gane, suna tsaye ne a bayan kantar 'yan sanda, iyali na gida ba a ɗora tukunya ba. Ba taurin kai ne ke kai yawancinsu ba. Mu mutane ne da muka saba a je mana, mu je wa wani, babu kuma wanda ya gaya mana cewa akwai ƙofar da wannan al'ada ba ta shiga.

Na shida, kuma shi ne na gaggawa. Asirina ya tonu a cikin gida. An gaya wa Hajiya surukata cewa ana gyaran rufin ɗakina ne, sai ga Danladi ya zo duba ni. Ya durƙusa gaishe ta, ta tambaye shi labarin gari, shi kuma bai iya ƙarya ba. Hajiya 'yar gidan malamai ce, mahaifinta ya yi zaman majalisar alƙali a garin nan. Ni da ita ba ma haɗa ido. Ta kira 'yarta, ta tsaya daidai labulen ɗakina, ta ɗaga murya yadda bango ma zai ji: “Ki gaya wa mijinki, gidan nan tun mahaifinku yana raye ɗan sanda bai taɓa taka shi ba, ba kuwa za a fara a kaina ba. Ranar Litinin ya yi wanka ya sa farar riga. Ni zan kai shi da kaina, ni zan tsaya masa. In alƙali yana son sanin halinsa, ni zan faɗa masa.” Har ta aika an yi magana da mai keke mai ƙafa uku da zai ɗauke mu.

Saboda haka ina gabatar da roƙona cikin ƙanƙan da kai.

Ina roƙon a dakatar da masu nemana zuwa safiyar Litinin, a bar ni in shigo zaurenka da ƙafafuna. Zan amsa sunana da bakina, in amsa laifina na farko da na biyu, in karɓi abin da doka ta yanke.

Ina roƙon a yafe wa Danladi har a zuci. Abin da aka aike shi ya yi, gwargwadon saninsa.

Ina roƙon Mai Shari'a ya sa baki wurin masu ba da takardar nan, su riƙa faɗa wa mutane da Hausa, da Kambarci, da Dukanci, da duk harshen da mutum ke ji, cewa kai da kanka ake nema, ba a aike, wanda kuma ya ƙi zuwa za a zo masa. Su faɗi inda mai uzuri na gaskiya zai kai uzurinsa tun kafin rana ta zo. Faɗar wannan ba ta kai tsawon zare makulli ba.

Roƙona na ƙarshe shi ne mafi nauyi. Idan ka ga dattijuwa da sanda da carbi ta shigo gaba, wani mai farar riga yana biye da ita kansa a sunkuye, to mu ne. A karɓi tsayawarta da hannu biyu, a ba ta kujera mai kyau. Amma don girman Allah, idan ta ɗaga hannu tana neman izinin magana, a ce lokaci ya ƙure. Tara zan iya biya, tsarewa ma in ta zama dole zan daure. Abin da Hajiya ta tara a kaina tun ranar da na fara sallama a ƙofar gidanta, babu kotun da ke da hurumin sauraronsa a zama ɗaya.

Allah ya yi wa Mai Shari'a jagora, ya sa adalcinsa ya gauraya da rahama, ya kare shi daga sharrin masu ƙara da na waɗanda ake ƙara. Allah ya raya masa zuriya, ya sa duk ranar da ya je gidan surukansa ya dawo a ranar.

Wassalam.

Naka mai biyayya, wanda zai zo da kansa,
Malam Haladu Ɗantsoho,
Kontagora.