Hannuna a Kan Makunni

Dogona,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da matarka da 'yar jikata. Mu nan lafiya lau, sai abin da zan faɗa maka. Na rubuto ne maimakon in kira ka a waya, domin ka san gidan nan, in na yi tari a kicin babanka yana ji daga falo. Ga shi karatun da na yi da furfura a kaina ya yi rana.

Babanka ya shiga wasa da wuta. Ka san tun da ya ajiye tuƙin bas ya tare a kujerar nan ta bakin taga, sai ya wuni bai ce uffan ba. To kwanakin baya ya jawo tsohuwar jitarsa daga ƙarƙashin gado, ya goge ta tas, ya ce wai ba ta magana sai da akwatin sauti, kuma shi da hannunsa zai haɗa. Na ce, "Malam, ba a sayarwa ne a kanti?" Ya ce na kanti muryarsu kamar ta gwangwani.

Yanzu teburin cin abinci ya zama nasa, a kan cinya muke cin abinci. Tirena na gasa kek, wanda ƙanwarka ta kawo min, ya huhhuda shi kamar rariya, ya kife shi, yana liƙa wayoyi a cikinsa. Da na yi magana ya ce, "Malama, ai tiren nan ƙarin girma ya samu." Akwai wani dunƙulen ƙarfe mai nauyin tsiya, wai shi taransifoma, na zo matsar da shi ya kusa tafiya da yatsana. Akwai kuma wasu 'yan kwalabe masu ƙafafu da yake kira bawul, yana ɗaukarsu kamar jarirai. Gidan duk warin dalma, har labule ya ɗauka.

Jiya na leƙa takardar zanen da yake bi, na ga an rubuta HATSARI da jan biro. Mutumin da sai ya cire tabarau ya sake sawa kafin ya ga ramin allura! Kai ne mai gyaran wuta, maganarka kaɗai zai ji. Ka rubuto masa ka ce ya bari. Ni ban shirya zama ni kaɗai a gidan nan ba.

Ka gai da mutanen gida. Allah ya yi maka albarka.

Innarka

*

Inna,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa, ina fata kin tashi lafiya. Wasiƙarki ta iso, sai da na karanta wa surukarki wajen tiren kek, ta yi dariya har ta ƙware.

Inna, ki yi haƙuri, jan biron nan nawa ne. Ni na aiko masa da zanen, ni na samo masa taransifoman. Ba zan iya ce masa ya bari ba. Kafin wannan aikin, in na kira Baba, "lafiya lau" ne da "Allah ya yi albarka", shi ke nan ya miƙa miki wayar. Yanzu shi yake kirana ina tsakiyar aiki, yana min gardama a kan wace waya ce za ta bi gefe, wace ce za ta bi tsakiya. Rannan har "kai yaro ne" ya ce min. Rabon da in ji daɗin faɗa irin na ranar har na manta.

Amma ba zan ɓoye miki ba, abin yana da hatsari. Wutar da ke cikinsa ta fi ta soket ƙarfi. Akwai wasu 'yan gwangwanaye a ciki da ke riƙe wuta ko da an zare shi daga bango, sai an tsiyaye ta an auna da mita kafin a taɓa. Shi ya sa na kafa masa doka: in zai auna abu da wuta a ciki, hannu ɗaya a aiki, ɗayan a bayansa, kada wuta ta samu hanyar ratsa ƙirji. Kuma kada ya kunna shi yana shi kaɗai a ɗaki. In ya kiyaye wannan, ya fi zaman bas a kan babban titi aminci.

Ki kwantar da hankalinki. Zan sayo miki sabon tire.

Ɗanki mai biyayya,
Dogo

*

Dogo,

Na gaishe ka. Ashe kai ne! Ina nan ina neman mai kashe min gobara, ashe wajen mai ashanar na kai kuka. Ka ce in kwantar da hankali, sannan ka gaya min abin yana riƙe wuta ko an zare shi. Wane hankalin kuma ya rage?

Hannun nan da yake maƙalewa a baya, ni na ɗauka sanyin ƙashi ne ya kama masa kafaɗa. Har man zafi na shafa masa, shi kuma ya miƙo kafaɗar yana lumshe ido, ashe dokarka yake bi. Ku biyun duk halinku ɗaya.

To, Allah ya kawo mana sauƙi ta wani wajen. 'Yan kwalaben nan sun ɓace. Ya duba ƙarƙashin tebur, ya zazzage akwatin kayan aiki, ya ɗaga katifa, babu su babu labarinsu. Ya tambaye ni, na ce ni ina ruwana da kwalabe. Ba tare da su ba kuwa akwatin ba ya tashi. Don haka aiki ya tsaya, kuma ina roƙonka kada ka aiko da wasu.

Na samu barci, ba zan yi ƙarya ba. Sai dai babanka ya koma kujerar taga. Ya rufe tiren da tsohon tawul kamar an rufe mara lafiya. Abinci sai ya ɗan taɓa ya ture. Shekaranjiya da gangan na zabga gishiri a miya don dai ya yi min mita, wallahi ya cinye rabonsa shiru, ya ce an gode. Ni ban san me ke damuna ba, abin da na roƙa ne na samu, amma gidan ya yi min faɗi.

Ka shafa min kan jikata.

Innarka

*

Injiniya,

Salamu alaikum. Gaisuwa.

Ba doguwar magana ba ce. Bawul ɗina ba su ɓace ba. Suna cikin babbar tukunyar da innarka ke saukewa in an yi baƙi, a saman kabad. Ta naɗe kowanne a cikin safata, ta jera su a kan tsumma don kada su fashe. Safar na fara nema, da na rasa na gane. Kuma duk lokacin da na bi ta kicin sai ta ɗaga kai ta dubi tukunyar. Innarka ba ta iya sata ba.

Ba zan ɗauka ba. Na shekara da shekaru ina fita da bas tun da asuba, tana tsaye a bakin ƙofa tana addu'a har in sha kwana, ban taɓa tambayarta yadda take wuni ba. Wannan karon in ba ta miƙo min da hannunta ba, a bar shi. Kada ka aiko da wasu, kada kuma ka ce mata na sani.

Aiki saura kaɗan. Wayoyin da ke ɗumama bawul na murɗe su biyu-biyu na bi da su gefe, yadda na ce, ba yadda ka ce ba. Za ka gani.

In kana da safa da ba ka sawa, aiko. Ƙafata na jin sanyi.

Babanka

*

Dogona,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya. Zauna ka ji.

Jiya da hantsi ina shara sai na ji wani ɗan ƙis-ƙis daga falo. Na leƙa, babanka ne rungume da jitar, yana kaɗa ta haka nan ba akwati. Sautin ɗan mitsitsi, kamar sauro a cikin kofi. Ka san ni a kan kiɗan nan na fara saninsa? Ina budurwa, an aike ni, na bi ta bayan wani ɗakin taro inda suke gwaji shi da abokansa. Tagogin har rawa suke yi. Na tsaya da kwanon aike a hannu har aka biyo sahuna. Da aka haife ka ya tura jitar ƙarƙashin gado ya kama sitiyari, bai ƙara waiwayarta ba. Yau ga shi ya sa kunne a jikin katako yana neman jin abin da yake kaɗawa.

Na jingine tsintsiya, na hau kujera, na sauko da babbar tukunya, na dire ta a gabansa. Ni ce na ɓoye su, in ba ka riga ka gane ba.

Ya buɗe murfin, ya leƙa, ya ce, "Ikon Allah! Yau kwalabe aka dafa mana?"

Na ce, "Malam, kada ka yi min dariya, ni kuka nake ji."

Ya ce, "Ai ban yi ba. Safar dai nake murnar gani."

Na ce ina da sharaɗi. Ba zai taɓa cikin tiren nan ba sai ina wurin. Kuma ranar kunnawa ni ce mai makunni, in na ga abin da bai yi min ba zan kashe, ba shawara. Ya ce, "Malama, na ba ki. Kwandasta ma ai shi ke tsai da mota."

Tun jiyan muke aiki tare. Ashe akwai wasu 'yan ƙananan abubuwa kamar ƙwayar wake, masu zoben launi a jiki, kuma da launin ake gane su. Babanka sai ya kai su bakin taga yana juyawa, ja ne ko ruwan ƙasa. Yanzu ni nake faɗa masa launin, shi yana duba takarda. Ina riƙe masa waya da ɗan filaya yana ɗiga dalma. Na ƙona gefen mayafina, ya ce shaidar gama koyo ke nan. Da rana ya cinye abincinsa har ya ce gishiri bai ji ba.

Tsoron bai tafi ba, Dogo, yana nan daram a ƙirjina. Gaya min abin da zan duba ranar, dalla-dalla, yadda zan gane.

Allah ya tsare min ku.

Innarka

*

Inna,

Ina gaisuwa, ina kuma jinjina wa sabuwar kwandasta.

Na ba direban da ya kawo wannan takarda wani ɗan katako mai soket da makunni da ƙwan fitila irin na da. A jikinsa za a soka akwatin, ba a bango ba. Ki sa takalmin roba, ki tsaya a gefen makunnin, idonki a kan ƙwan. In kin kunna zai yi haske, sannan ya dushe ya koma ja-ja. Wannan lafiya ke nan. In ya tsaya da haske fes bai dushe ba, ko kika ga hayaƙi, ki kashe nan take. Baba kuma hannuwansa biyu a baya, ba abin da zai taɓa.

Ina son zuwa, amma aiki ya riƙe ni. Ga safa nan a ƙunshe, ta Baba ce.

Ki rubuto min ko me ya faru.

Ɗanki,
Dogo

*

Dogona,

Assalamu alaikum. A gurguje.

Yau bayan karin safe muka kunna. Na yi bisimilla ta fi a ƙirga. Na danna. Ƙwan ya yi wal, saura ƙiris in kashe, sai ya dushe ya koma ja-ja yadda ka ce. 'Yan kwalaben suka fara yin ja a ciki kamar garwashi.

Babanka ya rataya jita, ya kaɗa. Shiru. Ya sake kaɗawa. Shiru. Na ga kafaɗunsa sun sauka. Ya ce, "Kashe kawai, Malama. Na yi kuskure a wani wurin."

Ka san me na ce? Ni da bakina na ce, "Ba zan kashe ba. Ƙwan bai ce a kashe ba. Kai ba ka san abu sai ya yi zafi ba?"

Ban rufe baki ba akwatin ya yi wani gurnani ƙasa-ƙasa. Ya kai hannu ya kaɗa, cokulan da ke kan tebur suka amsa. Na saki ihu, shi ya saki dariya, maƙwabciyarmu mai ɗinki ta fito ba ɗankwali tana tambaya ko lafiya. Yanzu haka tana zaune a falo, ta ƙi tafiya.

Yatsunsa sun yi tauri, kiɗan yana tafiya yana tuntuɓe, in ya ɓata sai ya ce laifin jitar ne. Da hannun dama nake rubuta maka wannan, na hagu yana kan makunni, shi ya sa layin ya karkace. Ya ce in kashe in ya ishe ni. Bai ishe ni ba tukuna.

Ka gai da kowa da kowa.

Innarka