Ledar Baba a Fadama

Argungu

Ƙanwata Zuhura,

Assalamu alaikum. Ya maigida da yara? Muna lahiya, sai kewar Baba.

Kin tuna ledar sola mai laushi da anka shimfiɗa bisa rumfar injin ban-ruwa? Da ta daina kawo wuta, Baba ya yayyanka ta siri-siri, ya ɗaura a igiya don korar tsuntsu daga shinkafa. Mai sayarwa ya ce mashi dangin itace ce, ƙasa za ta cinye ta. Ambaliyar bara ta kwashe rabi. Jiya matata Hamida ta feɗe tarwaɗar tabkinmu, ta iske yanki guda cikin hanjinta, yana ƙyalli kamar yau anka yanke shi. Ba wanda ya taɓa miyar.

Ke da ke aiki wurin masu sake sarrafa kayan ga, gaya mani gaskiya.

Yayanki, Dikko

Badariya, Birnin Kebbi

Yaya Dikko,

Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Baba.

Ɗan sinadarin da ke kama hasken rana ne kaɗai ke lalacewa. Abin da ya rufe shi roba ce zalla, da ɗan ƙarfe a ciki. Ba ta ruɓewa, sai dai ta dagargaje, kifi ya haɗiye, yaranka su ci kifin. Kar ka ƙona ta da tattaka. Ka kwance duka, har ta cikin laka, ka aiko mini.

Ka gaida Hamida.

Zuhura

Argungu

Zuhura,

Gaisuwa mai yawa. Ta cikin laka na tsince. Ta igiya na kasa. In iska ta kaɗa ta da hantsi, sai in ji kamar Baba na tsaye bakin kunya yana "haa! haa!" Sau tari nakan waiwaya. Ke kina birni, ba ki jin shi. Ni in na kwance, fadamar ga ta yi shiru ke nan.

Sai dai yau na ga ɗiyata Nana ƙarama tana tsotsar yanki guda. Na sauke igiyar da ledar jikinta, na sa a buhu, ga shi nan wurin direba.

Allah Ya bar zumunci.

Dikko

Badariya

Yaya,

Salam. Buhu ya iso. Injinmu ba ya karɓar igiya, dole a raba ta da ledar. Kowane yanki da ƙullin Baba, irin mai ninki biyu da yake yi wa zaren takalmina. Abokan aiki sun miƙo mini almakashi, na ƙi.

Da hannu nake kwancewa. Tun safe ina kan na farko.

Ƙanwarka, Zuhura